Injin Daɓe Mai Tsalle a Cikin Rami: Sharhi Kan Wacker Neuson BS 60-4

Unguwar da aka binne wa bututun ruwa ko wayar intanet da rani takan tona asirin masu aikin da ruwan farko. Layin ramin ya fito fili kamar an ja shi da igiya, ƙasa ta zauna, kwalta ta tsage, direba ya ji a jikin motarsa duk lokacin da ya ƙetara. Ana ɗora wa damina laifi, alhali da shebur aka mayar da ƙasar, aka tattaka da ƙafa, aka bar wa ruwan sama ragowar aikin. Injin da aka ƙera domin wannan matsalar shi ne injin daɓe mai tsalle, wato rama. Aikinsa ɗaya da na madaɓin da ake daɓe ɗaki da shi, sai dai shi yana bugu kusan sau 11 a daƙiƙa guda.

Wanda muka ɗauka a wannan sharhi shi ne BS 60-4 na kamfanin Wacker Neuson da ke birnin Munik a Jamus. Kamfanin ba baƙo ba ne a wannan fage, domin Hermann Wacker ne ya ƙera rama mai aiki da lantarki a 1930, kuma har gobe a ƙasashe da dama da sunan gidan ake kiran injin daɓe ko da wani kamfani ne ya yi shi. Lambar 4 da ke ƙarshen sunan tana nufin inji ne mai ɗakin baƙin mai daban, ana zuba masa fetur zalla. Ɗan'uwansa BS 60-2 kuwa irin wanda fetur ɗinsa ke tafiya tare da mai ne.

Nauyinsa ya ɗan haura kilo 70. Faɗin takalminsa santimita 28, tsawonsa kimanin 33. Yana bugu sau 650 zuwa 680 a minti, yana ɗaga ƙafa santimita 6 zuwa 7, kuma kamfanin ya ƙiyasta ƙarfin kowane bugu da kilonyutan 18, wato kamar a sauke nauyin tan 1.8 a kan fili mai girman tafin shebur. Tankinsa na cin lita 3, yana shan kimanin lita ɗaya a awa. Samfurin BS 60-4As na ɗauke da injin Honda GXR120 mai girman sisi (cc) 121, wanda Honda ta tsara musamman saboda rama. Akwai kuma na'urar da ke kashe injin idan baƙin mai ya yi ƙasa, abin da ya ceci injina da yawa daga hannun yaran da ba sa duba mai da safe.

Wanda zai saya ko ya yi haya gara ya san abin da ke cikin ƙafar, don a nan kuɗin yake. Injin na juya kuloci mai kamawa da gudu. Kulocin na juya ƙaramar giya, ita kuma ta juya babba, babbar na ɗauke da sanda mai hawa da sauka. Ƙarshen sandar na tsakanin jerin sifirin biyu, na sama da na ƙasa, a cikin wani bututun ƙarfe mai wanka da mai. Sifirin ɗin ne ke tara ƙarfi ya sake shi a kan takalmin, ya kuma wurga injin sama. Robar nan mai ninki da ke tsakiya ita ke rufe wannan sashe, tana riƙe mai a ciki, tana hana ƙura shiga. An kuma karkatar da jikin injin gaba kaɗan, shi ya sa yake tafiya da kansa ba sai an tura shi ba.

Ƙasar da yake so, da wadda ba ya so

Rama na aiki ne da bugu, ba da girgiza ba. Ƙasa mai danƙo, irin jar ƙasa da marmara da yumɓu da cakuɗen burji da laka, ƙwayoyinta manne suke da juna. Girgiza ba ta raba su, sai an daka su kamar a turmi kafin iskar da ke tsakaninsu ta fita. A irin wannan ƙasa BS 60-4 ba shi da na biyu a cikin ƙananan injina, kuma ita ce ƙasar da tifa ke kawowa mafi yawan wuraren gini daga Kano zuwa Zariya, Kaduna da Abuja.

A yashi zalla kuwa labarin daban ne. Takalmin yakan nutse, ya tura yashin gefe, saman ya kasance a kwance ko an yi zagaye nawa. A wuraren da rairayi ya yi yawa, kamar arewacin Yobe da Jigawa ko yankin Damagaram, inji mai faranti, wanda ke daɓe ƙasa da girgiza, ya fi dacewa, tare da jiƙa yashin sosai. Idan ramin ya yi ƙunci har farantin ba zai shiga ba, rama zai yi aikin, amma sai da danshi, kuma bangon ramin ne ke taimaka masa wajen hana yashin gudu. Baƙar lakar da ake samu a fadamu da kewayen tafkin Cadi, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, ba a mayar da ita ƙarƙashin titi ko daɓen gida ko da wane inji aka buga ta. A kwashe ta, a kawo jar ƙasa.

Kada a ɗora shi kan bulon intalok, yana farfasa shi. Kada a ɗora shi kan kankare. Fili mai faɗi kamar farfajiya ko wurin ajiye motoci ma ɓata fetur ne da lokaci, ga shi yana barin tabon takalmi. Wurinsa shi ne rami mai ƙunci, gefen harsashin gini, kewayen ginshiƙi, bayan kwalbati, da kusurwoyin da rola ba ta kaiwa.

Yadda ake cike ramin

Kuskuren da ya fi yawa bai shafi injin ba, ya shafi kaurin ƙasar da ake zuba masa. Ƙarfin bugun na raguwa da zurfi. Idan aka cika ramin mita ɗaya baki ɗaya aka hau sama da rama, santimita 20 ko 30 na saman ne kawai za su daku, su zama ɓawo mai tauri a kan ƙasa sakakka. Ranar duba aiki ka taka ka ji kamar dutse. Da ruwa ya samu hanyar shiga ƙasan ɓawon, sai komai ya rufta.

Saboda haka sahu-sahu ake zubawa. Ga ƙasa mai danƙo, a zuba santimita 15 zuwa 20 a baje, wanda zai koma 11 zuwa 15 bayan bugu. Ga cakuɗe mai tsakuwa da yashi ana iya kaiwa 25, idan ba titi ne zai hau kai ba. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya wajen mayar da titi bayan an haƙa shi ta fi haka tsauri: ga rama mai nauyin aƙalla kilo 50, zagaye 4 a kan sahun da zai tsaya a santimita 10, zagaye 8 a kan wanda zai tsaya a 15. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa alƙawarin zurfin rabin mita da ake gani a tallan wasu injina magana ce ta kasuwa. Hanya mafi sauƙi ta riƙe leburori a kan ma'auni ita ce a yanka sanda mai alamar fenti duk santimita 20, a jingina ta a bangon ramin, kowa na gani.

Kafin a kai ga sahu, akwai maganar bututun. A share gindin ramin daga duwatsu, a shimfiɗa yashi mai laushi santimita 10 zuwa 15, a kwantar da bututun ya zauna a tsawonsa duka, a ɗan rarake wurin da mahaɗa za ta zauna don kada nauyin ya taru a kanta. Sannan a cusa yashi ƙarƙashin haƙarƙarinsa ta kowane gefe, da hannu da madaɓin katako, gefe biyun suna tashi tare don kada a ture shi daga layi. Wannan wurin inji ba ya isa gare shi, kuma shi ke hana bututun roba lanƙwasewa idan nauyi ya hau. Ba a kawo rama saman bututu sai an rufe shi da aƙalla santimita 30 na ƙasa marar dutse. Idan siririn bututun roba ne ko bututun waya, a kai 45 ya fi kwanciyar hankali. Dutse mai girman dunƙulen hannu da ya zauna a kan bututu, rama ya buga ta samansa, ya zama kamar an ɗora kurfi an sa guduma. Tsagar ba ta bayyana sai an saki ruwa. Bayan sahun farko ko na biyu a shimfiɗa ledar gargaɗi, saboda mai diga na gobe.

A kowane sahu a fara da gefen bango, a dawo tsakiya, kowane layi ya hau kan na baya da kimanin santimita 5 zuwa 10. Gefen bango ne aka fi sakaci da shi, kuma ta nan ruwa ke fara shiga. Idan sahun ya yi santsi ƙwarai bayan bugu, a ɗan karce samansa da manjagara kafin a zuba na gaba, don su kama juna.

Ga lissafin lokaci, don kada a yi haya ta yini ɗaya a kan aikin kwana biyu. Ɗauki rami mai tsawon mita 100 da faɗin santimita 50. Takalmin 28 ne, don haka layi biyu ne kowane zagaye, mita 200 ke nan. Zagaye 4 ya zama mita 800. Idan injin na cin mita 8 a minti, sahu ɗaya zai ɗauki minti 100. Zurfin santimita 90 a saman rufin bututu sahu 6 ne, wato awa 10 na bugu da fetur lita 10 zuwa 12, ban da lokacin zuba ƙasa da jiƙa ta. Dabarar ita ce a raba ramin gida biyu ko uku, ana zuba a nan ana bugu a can, kada inji ya tsaya jiran shebur.

Danshi

Da kauri da danshi su ne rabin aikin, kuma danshin ya fi wuyar kamawa. Busasshiyar jar ƙasa ba ta dakuwa, ƙwayoyinta na gogar juna sun ƙi matsowa. Sai ƙura ta tashi, injin ya yi ta tsalle, ƙasar ta zama gari a sama da dunƙule a ƙasa. Wadda ta sha ruwa da yawa kuma ruwan ya cike gurbin iska, ba shi da inda za shi. Ka buga nan ta kumbura can kamar katifa, takalmin ya kafe, laka ta manne masa. Tsakanin biyun akwai danshin da ƙasa ke kaiwa iyakar matsuwarta. Injiniyan Amurka Ralph Proctor ne ya fito da gwajin gano shi a 1933, kuma shi ya sa takardun kwangila ke cewa a daɓe ƙasa zuwa kashi 95 cikin 100 na abin da gwajin ya bayar.

A wurin aiki hannu ne ma'auni na farko. Ɗebi ƙasar ka dunƙula. Idan ta ƙi haɗuwa ta wargaje, ta bushe. Idan ta bar laka a tafin hannu ko ruwa ya fito tsakanin yatsu, ta jiƙe da yawa. Idan ta dunƙule kamar ƙwallon fura, ka sake ta daga daidai ƙugu ta fashe gida uku ko huɗu, to ta yi.

Ba a cikin rami ake gyara danshi ba. A yayyafa ruwan a kan tulin ƙasar, a juya da shebur, a bar ta ta tsima. Jar ƙasa mai yumɓu da yawa gara a jiƙa ta da yamma a yi aiki da ita da safe, domin ruwa na ɗaukar lokaci kafin ya ratsa cikin dunƙule. Yawan ruwan ma ana iya ƙiyasta shi. Rami mai faɗin santimita 50 da tsawon mita 10 da sahun santimita 20 na cin ƙasa kubik mita ɗaya, nauyinta a sake kimanin kilo 1,500. Ƙara mata danshi da kashi 4 cikin 100 na buƙatar lita 60, jarka uku ta lita 20. Da hunturu a ƙara kaɗan, kuma kada a baje sahu a bar shi awa biyu a rana, samansa zai bushe kafin inji ya iso. Wasu na kwarara ruwa a rami da tiyo su ce ƙasa ta zauna. A yashi wannan na ɗan aiki. A jar ƙasa taɓo kawai aka kwaɓa, kuma zai yi ta sauka wata da watanni.

Idan aikin na ƙarƙashin titi ne ko harsashi, kada a tsaya ga ido. Gwajin mazurarin yashi, inda ake haƙa ɗan rami a auna ƙasar da aka fitar sannan a cika shi da yashi don sanin girmansa, na ba da ainihin nauyin ƙasar da aka daɓe. Akwai kuma sandar gwaji mai tsini, wadda ake sakar wa guduma mai kilo 8 daga tsawon milimita 575 ana auna nutsewarta. Ita ce ke tona asirin ɓawon da aka yi a sama, don tana wuce shi sai ta zurma.

Riƙonsa

A tayar da shi a kan ƙasa, ba kan siminti ko kwalta ba. A buɗe fetur, totur a ƙasa, a rufe cok idan injin ya huce, a ja igiya. A bar shi ya ɗumama minti 3 zuwa 5. Idan za a fara bugu, a kai totur ƙarshe kai tsaye. Wannan shi ne abin da sababbin hannu suka fi kuskurewa: tsoron tsallen kan sa su riƙe totur a rabi, kulocin ya yi ta zamewa bai kama ba bai saki ba, ya yi zafi ya cinye, bugun kuma ya rikice. Rama gudu biyu gare shi, na jira da na aiki.

Ba a danna shi, ba a kokawa da shi. Hannu na kan mariƙi a sake, ana nuna masa hanya kawai. Danna mariƙin ƙasa na rage masa tafiya, ɗaga shi kaɗan na ƙara masa. Takalmin ya riƙa sauka a shimfiɗe, don idan yana dira da baki ɗaya notocinsa ne za su fara kwancewa. A nan BS 60-4 ya nuna bambancinsa da masu araha: tsallensa daidai yake, ba ya kaucewa gefe, kuma robobin da ke tsakanin mariƙi da jiki na shanye girgiza sosai. Mutum na iya juya shi a ramin da bai wuce faɗin kafaɗa ba.

Ƙasa na faɗin lokacin da ta ƙoshi. Ƙarar bugun kan sauya daga mai taushi zuwa mai kaifi, takalmin ya daina barin sawu, injin ya fara tsalle sama da yadda ya saba yana dira a karkace. A matsa gaba. Ci gaba da bugu a nan na farfasa saman sahun, kuma duk ƙarfin da ƙasa ta ƙi karɓa cikin sifirin da giya yake komawa.

Inda yake ba da ciwon kai

Nauyi na farko. Kilo 70 a saukar da shi rami mai zurfin mita ɗaya da rabi ba aikin mutum ɗaya ba ne. A yi gangara a ƙarshen ramin, ko a ɗaure igiya a madaukin da aka tanada a samansa. Kada a ja shi ta totur ko tanki.

Na biyu, kwanciya. Inji mai ɗakin baƙin mai ba ya son a kwantar da shi yadda aka ga dama a bayan a-kori-kura. Man na malalawa cikin matatar iska ko kan fistin, a zo wurin aiki igiya ta ƙi jawuwa ko salansa ya yi ta farin hayaƙi. A ɗauke shi a tsaye a ɗaure. Idan dole sai an kwantar, a rufe fetur, a bari ya huce, ɓangaren kafireta ya kalli sama, sannan a tsayar da shi wasu mintoci kafin a tayar. A wannan fuskar BS 60-2 ya fi haƙuri, ya kuma fi sauƙi da kilo kaɗan. Sai dai shi ma yana da tarkonsa: a nau'in da ake haɗa wa mai da hannu, ma'aunin 50 da 1 na nufin mililita 100 na man da aka yi don irin wannan inji a cikin fetur lita 5. Ranar da wani ya zuba masa fetur zalla, fistin ya tafi.

Na uku, ƙura, kuma ita ce ajalin mafi yawan injinan nan. Rama na shaƙar iska ne a cikin ƙurar da shi da kansa ya tayar, a cikin rami inda iska ba ta kaɗawa. Matatar BS 60-4 mai matakai da yawa ce kuma tana cikin mafi kyau a kasuwa, amma ba ta hana a duba ta. Alamar toshewa ita ce ƙarfi ya ragu, baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi. Abin da bai kamata ba shi ne a cire matatar a ci gaba da aiki don a ƙarasa yini. Garin jar ƙasa kamar sanfefa yake, yana cinye ringi cikin ɗan lokaci. Matatar takarda ba a wanke ta da fetur, kuma hura ta da iska mai ƙarfi na huda ta. A kakkaɓe a hankali, idan ta gaji a sauya.

Sai robar ƙafa. Duk safiya a duba ninkinta ko akwai tsaga ko jiƙar mai, a duba madaurinta. A tsayar da injin a wuri mai lebur a leƙa ƙaramin gilashin da ke ƙasan ƙafar, man ya kai rabinsa ko ya ɗan wuce. Ƙafar na cin kusan mililita 900 na mai samfurin 10W-30. A sauya shi bayan awa 50 na farko, daga nan kimanin kowace awa 300. Idan ya fito da ƙyallin ƙarfe ko ya yi kalar madara, ƙura ko ruwa sun shiga. Baƙin man injin kuwa bai kai rabin lita ba, don haka ɗan ragi kaɗan na da illa: a sauya bayan awa 20 na farko, sannan duk awa 100, ko ƙasa da haka a lokacin ƙura. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7. Notocin takalmi a ɗaure su kullum, musamman a makon farko. Fetur ɗin bakin hanya mai ruwa ko datti na toshe kafireta, don haka a tace shi, kuma idan za a ajiye injin fiye da wata guda a zuke tankin a bar shi ya ƙone ragowar.

Lafiyar mai riƙo ba abin wasa ba ce a nan. Ƙararsa ta isa ta lalata ji, sai da toshin kunne. Takalmi mai ƙarfe a baki dole ne, wanda ya ga abin da bugu ɗaya ke yi wa dunƙulen marmara ba zai shiga rami da silifa ba. Girgizar na kashe jijiyoyin yatsu a hankali, don haka mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa. Hayaƙin fetur na taruwa a rami mai zurfi, gubarsa ba ta da wari, ciwon kai da jiri su ne gargaɗin. Ramin da ya wuce mita 1.2 a tokare bangonsa ko a kwantar da shi, domin bugun na girgiza bango, kuma tulin ƙasar da aka haƙo ya yi nesa da baki da aƙalla santimita 60. Ga wurin da iska ba ta shiga, kamfanin ya ƙera samfurin batir, AS50e, wanda ba ya hayaƙi.

Shi da abokan takararsa

Mikasa MTX-70 na Japan, mai kilo 75, da Bomag BT 65 na Jamus duk aji ɗaya suke da shi. Wanda ya samu ɗayansu da lafiya bai yi asara ba, kuma abin da ya kamata ya raba gardama shi ne wanne ake samun robar ƙafarsa da kulocinsa da matatarsa a kusa. Injinan Sin masu lamba irin HCR80 da RM80 kuwa farashinsu kaso ne kaɗan na wannan. Da yawansu na ɗauke da injin Honda GX160 ko kwaikwayonsa, wanda kowane mai gyaran janareta ya san cikinsa, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Rauninsu a ƙasa yake: roba mai saurin tsagewa, sifirin mai saurin gajiya, matatar iska irin ta janareta wadda ba a yi ta don rami ba, ga girgizar da ke isa hannu kusan duka. Suna daɓe ƙasa, ba a musu. Ga mai ginin gida ɗaya ko biyu a shekara sun isa, haya ma ta fi masa. Ga ɗan kwangilar da ke shimfiɗa bututu kilomita bayan kilomita, ko mai ba da haya, BS 60-4 ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin ya sayo matata biyu da robar ƙafa ɗaya ya ajiye tun ranar farko, don kayan gyaransa ba kamar na janareta ba ne da ake samu a kowace kwana.

Idan na hannu za ka saya, ko za ka karɓi na haya, kada fenti ya ruɗe ka. Taɓa injin ka tabbatar a sanyaye yake kafin a tayar, don wanda aka ɗumama kafin ka zo yana ɓoye wuyar tashi. Buɗe murfin matata ka shafa yatsa a maƙogwaron da ke bayanta. Idan ka ɗebo jar ƙura, ta riga ta isa fistin. A gudun jira ƙafar ta tsaya cik, idan tana motsi sifirin ɗin kuloci ya saki. A kai shi kan ƙasa a buɗe totur na minti biyar, ka saurari ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe daga cikin ƙafa, alamar karyayyen sifirin. Bayan an kashe, sake duba robar, domin tsagar da ba ta nuna a tsaye takan zubo da mai bayan tsalle. Juya takalmin ka ga kaurin farantin ƙarfen da ke ƙasansa da ramukan notoci ko sun faɗaɗa. Sannan ka gwada faɗinsa da na raminka: ramin wayar intanet sau da yawa bai kai santimita 28 ba, kuma a irinsa siririn takalmi na santimita 15 za ka tambaya tun kafin a ɗora injin a mota.